Koya wa kiɗa ladabi: yadda saidcen ke aiki

Tun da aka gano ina ɗan taɓa aikin situdiyo, da wuya mako ya wuce wani bai leƙo ɗakinmu da waya ko filashi a hannu ba, yana cewa, "Don Allah saurara mini wannan, me ya rage?" Wani waƙa ce ya yi, wani tallar takarar ƙungiyar ɗalibai ce, wata kuma aikin aji ne na masu koyon aikin jarida. Kusan kullum ciwon ɗaya ne: kiɗa ya danne murya, ko kuma ganga da bes suna kokawa har sifika na kakari. Akwai wata dabara da ke maganin wannan, masu haɗa sauti na kiranta saidcen. Kafin in shiga bayaninta, bari in ba ku labarin yadda na san amfaninta, don ni a wahale na koye ta.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga. Garinmu Ƙanƙara na ciki, haka ma Faskari da Sabuwa. A daminar wannan shekarar kuma cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta yi ɓarna a jihar. Ba kira, ba WhatsApp, ba Facebook. In kana da saƙo ga jama'a, sai dai rediyo, ko masallaci, ko ka ɗora lasifika a kan mota ka zaga.

Lokacin ina koyon aiki a shagon yayana. Kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya, an manna katifa a bango, shi ke nan situdiyon. Wata ƙungiyar matasa ta zo tana son a ɗaukar mata sanarwa a kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Yaya ba ya nan, ni na karɓi aikin. Na ɗauki murya, na shimfiɗa mata fiyano da kalangu, na saurara a hedifon, na ji daɗin kaina sosai. Aka zuba a memori, mota ta kama hanyar ƙauyukan da ke wajen Faskari.

Washegari da yamma shugabansu ya dawo. Ya ce wata mata ta tsayar da motar tana tambaya, gishirin cokali nawa aka ce? Ita dai ta ji "cokali", ta ji "gishiri", amma abin da ke gabansu bai fito ba. Muka kunna a lasifikar motar, sai ga shi: kalmar "rabin" ta faɗo daidai kan bugun kalangu, ta nitse. Kun san gishiri in ya yi yawa a wannan haɗin, illa yake yi wa yaron da ake son ceto. Ita Allah ya sa ta tambaya. Waɗanda ba su tambaya ba fa? Har yau wannan tambayar ba ta bar ni ba.

Akwai wani dattijo maƙwabcin shagon, tsohon makaɗin mahauta ne, yana zaune a benci yana jinmu. Ya ce, "Kai ɗan nan, kiɗan naka ba ya da kunya." Na ce, "Baba, to yaya ake yi?" Ya ce, "Mu in mai waƙa ya buɗe baki, hannu sai ya yi sanyi. In ya ja numfashi, to nan ne filinka."

A daren nan na tayar da janareta, na bi sanarwar jimla bayan jimla, ina rage kiɗa da hannu duk inda ake magana, ina mayar da shi duk inda aka yi shiru. Sanarwar da ba ta kai minti biyu ba ta ci mini kusan rabin dare. Sai daga baya, bayan layi ya dawo, na gano cewa kwamfutar na iya yin wannan aikin da kanta. Abin da Baba ya faɗa, shi ne saidcen.

Me ya sa sauti ke danne sauti?

Kowane sauti na da mazauninsa tsakanin kauri da siranta, ana auna wannan da haz. Kunnen matashi mai lafiya na ji daga wajen haz 20 zuwa 20,000. Kik, wato bugun babbar ganga, da bes suna zaune can ƙasa, galibi ƙasa da haz 120. Abin da ke sa a gane kalma kuwa, musamman baƙaƙe, yana tsakanin haz 1,000 da 4,000. Idan sauti biyu suka haɗu a mazauni ɗaya a lokaci ɗaya, kunne na ɗaukar mai ƙarfin ya watsar da ɗayan. Kuma mai kauri ya fi saurin rufe wanda ke samansa.

Ga mu Hausawa abin ya fi tsanani. Abin da ya raba "ƙasa" da "kasa", ko "ɓari" da "bari", ɗan motsi ne a farkon kalma, ƙiftawar ido ya wuce. Bugu ɗaya ya isa ya shafe shi. Sannan harshenmu na da karin sauti, hawa da saukar murya na canza ma'ana. Shi kuwa kalangu ai magana yake yi: makaɗi na matse tsirkiya a hammata, sauti ya hau ya sauka kamar muryar mutum. Ke nan in ka haɗa murya da kalangu, mutum biyu ka sa suna magana lokaci guda. Ku saurari tsofaffin faifan Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ya zauna a Funtuwa, wanda ya rasu a 1999. Makaɗa na bayansa, 'yan amshi na nan, amma kalmarsa na fita tar. Kowa ya san lokacin shigarsa da lokacin ja da baya.

Wani abin kuma shi ne inda ake sauraro. A hedifon akwai kunnen dama da na hagu, kana iya ture fiyano gefe ka bar murya a tsakiya. Lasifikar mota, da ƙaramin rediyo, da wayoyi da yawa, baki ɗaya gare su, komai ta nan zai fito. Lasifika kuma ba ta ɗaukar kauri sosai, tsakiyar sauti take turawa, daidai wurin da murya da fiyano da kalangu ke cunkushe. Abin da ya ci ni ke nan: na yi miksin don kunnena, alhali masu sauraro na tsaye a bakin kasuwa.

Kwamfiresa da kunnensa

Saidcen na tafiya ne a kan wata na'ura da ake kira kwamfiresa. Aikinta rage ƙarfin sauti duk lokacin da ya wuce iyakar da ka sa mata. Ku ɗauke ta kamar yaro ne ka zaunar a gaban rediyo, hannunsa a kan abin murɗa bolum, ka ce masa, "Da ka ji ya yi ƙara, ka rage. Da ya lafa, ka mayar."

Wannan yaron na da hannu, yana da kunne. Hannun na kan sautin da ake ragewa, kunnen kuma shi ke yanke hukuncin yaushe za a rage. Hanyar da ke kai sauti zuwa kunnen, ita ce asalin abin da ake kira saidcen, wato hanyar gefe. A aikin yau da kullum, hannu da kunne na kan sauti ɗaya. Dabarar ita ce ka raba su: hannu a kan kiɗa, kunne a kan murya. Da mai magana ya buɗe baki, kiɗa ya sauka. Da ya yi shiru, kiɗa ya dawo. 'Yan sashen lantarki za su gane nan take: siginar sarrafawa ce ke zuwa daga wani layi daban, ita kanta ba a jin ta ta wannan hanyar, umarni kawai take bayarwa.

Kun sha jin wannan ko ba ku san sunansa ba. Kana jin waƙa a waya, saƙo ya shigo, waƙar ta ɗan duƙa ta miƙe. Mai gabatar da shiri a rediyo ya fara magana, taken shirin ya koma ƙasa. Tunanin ɗaya ne.

Abubuwa huɗu da ake murɗawa

Na farko tireshol, wato iyaka. Shi ke faɗin ƙarfin da murya za ta kai kafin kwamfiresa ya motsa. In ka sa shi sama da yawa, ba abin da zai faru. In ka kai shi ƙasa da yawa, ko numfashin mai magana sai ya sa kiɗa ya duƙa.

Na biyu reshiyo, wato yawan ragin. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A reshiyo 4:1, idan murya ta wuce iyaka da desibel 8, lissafin zai bar 2 ne kawai, ke nan kiɗa zai sauka da desibel 6. Don ku samu abin kwatance, ragin desibel 10 shi ne kunne ke ji kamar an raba ƙara biyu.

Na uku atak, wato saurin saukar. Ana lissafa shi da milisakan, kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. In ya yi jinkiri, farkon kalma zai wuce kafin kiɗa ya kauce, kuma a farkon kalmar ne ƙ da ɗ da ɓ suke.

Na huɗu rilis, wato saurin dawowar kiɗa bayan murya ta tsaya. Nan ne yawancin masu koyo ke faɗuwa. In ya yi gajarta, kiɗa zai riƙa leƙowa tsakanin kalma da kalma kamar mai shessheƙa. In ya yi tsawo, kiɗa zai kwanta ya ƙi tashi.

Wurare uku da na fi amfani da shi

Na ɗaya, murya a kan kiɗa. In sanarwa ce ko talla, ni nakan rage kiɗa da desibel 10 zuwa 15, atak wajen milisakan 10 zuwa 30, rilis wajen 400 zuwa 800. In waƙa ce, ragin ya zama kaɗan, desibel 1 zuwa 3, kuma a kan fiyano da sauran kayan da ke zaune a tsakiya kaɗai, kada ka duƙar da ganguna. Mai sauraro bai kamata ya lura an taɓa komai ba, kawai ya ji kalma ta fito.

Na biyu, kik da bes. Su biyun mazauninsu ɗaya, in suka sauka tare ƙarfinsu na haɗuwa. Sauti a kwamfuta na da rufin da ba ya wucewa, in aka buga rufin sai ka ji tsatsa da karkarwa. Yawancinmu sai mu rage waƙar gaba ɗaya, mu dawo muna kukan ba ta da ƙara kamar ta wasu. Gyaran shi ne a sa hannun kwamfiresa a kan bes, kunnensa a kan kik. Duk bugu, bes ya kauce da desibel 3 zuwa 6 na ɗan lokaci ya dawo. Atak ya zama gajere, milisakan 1 zuwa 10. In ka ji ƙas-ƙas a bes, ya yi gajarta, ƙara masa kaɗan. Masu yin kiɗa irin na amafiyano, mai ganga mai kauri, su suka fi bukatar wannan.

Rilis a nan lissafi ne mai sauƙi. Raba 60,000 da yawan bugun waƙar a minti. Waƙa mai bugu 100 a minti, tsakanin bugu da bugu milisakan 600 ne. Mai bugu 120, milisakan 500. Dole bes ya gama dawowa kafin kik na gaba ya sauka, saboda haka fara da kwata ko rabin wannan adadin, wato 150 zuwa 300 a waƙa mai bugu 100, sannan kunne ya ƙarasa aikin.

Na uku, eko. Mu dai a waƙoƙinmu na zamani muna son amsa-kuwwa, ba laifi ba ne. Matsalar ita ce wutsiyar kalmar farko na hawa kan kalma ta biyu. Ka ware wa eko layinsa daban a miksa, ka ɗora masa kwamfiresa, ka sa kunnensa a kan muryar mawaƙi. Yana waƙa eko na ƙasa, yana tsayawa eko ya buɗe ya cike gurbin. Aikin 'yan amshi ke nan: ba sa shiga bakin ubangida, jira suke ya sauke.

Akwai kuma masu tsananta saidcen da gangan don ya zama ado, har waƙa ta riƙa numfashi tare da kik. Makaɗan rawa na Turai ne suka yayata wannan salon. Za ku ji shi a One More Time ta Daft Punk, 'yan Faransa, da ta fito a 2000, da Call on Me ta Eric Prydz, ɗan Suwidin, ta 2004. A irin kiɗansu ya dace. Amma in ka ɗora shi a kan waƙar biki ko sanarwa ba tare da dalili ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yadda za ka haɗa shi

Yawancin laftof ɗin da na gani a nan makaranta FL Studio ne a kai, bari in fara da shi. Tura kik zuwa layinsa a miksa, bes ma nasa. Danna layin kik. Daga nan je ƙasan layin bes, akwai 'yar kibiya, danna ta da maɓallin dama na maus, ka zaɓi Sidechain to this track. Yanzu kik na aika saƙo zuwa layin bes ba tare da an ji shi ta can ba. Ɗora Fruity Limiter a kan bes, ka juya shi zuwa COMP, ka sa akwatin SIDECHAIN a kan lambar layin da ka turo, galibi 1. Ɗaga RATIO, ka riƙa sauke THRES a hankali har ka ga zanen na nutsawa duk bugu. Sannan ka gyara ATT da REL. In murya da kiɗa ne, hanya ɗaya ce: murya ta ɗauki matsayin kik, layin kiɗa ya ɗauki matsayin bes.

'Yan aikin jarida da masu shirya sanarwa, ba sai kun wahala da wannan ba. Audacity kyauta ne, kuma yana da Auto Duck. Sa layin kiɗa a sama, layin murya a ƙarƙashinsa kai tsaye, zaɓi kiɗan, ka kira Auto Duck. Yakan zo da ragin desibel 12, wanda ya isa farawa. Abin da ya ci mini rabin dare da man janareta, a nan daƙiƙoƙi ne.

A wajen taro ma akwai shi. Miksoshin dije da yawa na da maɓallin da ke rage kiɗa in an yi magana a makirufo. Na taɓa zuwa wani biki a Sabuwa, mai gabatarwa na kiran dangin amarya, dije na fama da bolum da hannu, ko dai ya makara ko ya yi gaggawa, har aka fara harararsa. Maɓallin na gabansa, bai taɓa sanin aikinsa ba. Da na nuna masa, shi ke nan rigima ta ƙare.

Inda saidcen ba zai cece ka ba

In an ɗauki murya a ɗaki mai amsawa, ko janareta na kuka a bayanta, rage kiɗa zai ƙara tona asirin ɗaukar ne. In ka cika waƙa da kaya goma duk suna bugawa lokaci ɗaya, gyaran na wajen tsara kiɗan: cire wasu, ko ka matsar da bugu daga kan kalma mai muhimmanci. A sanarwar da na ba ku labari, da na sake ta, na cire kalangu gaba ɗaya daga wurin da ake faɗin awo, na sa aka maimaita awon sau biyu. Saidcen na taimaka wa tsari mai kyau ne, ba ya maye gurbinsa.

Sannan kada ka yarda da ido. Zanen da ke rawa a fuskar kwamfuta ba shi mutane za su ji ba. Kashe kwamfiresan ka kunna, ka kashe ka kunna, idonka a rufe. In ba ka ji bambanci mai amfani ba, cire shi.

Gwajin ƙarshe shi ne wanda na fi riƙewa tun daga 2021. Zuba aikin a waya, ko a ƙaramar sifika irin ta masu shayi, ka fita waje inda ake hayaniya. Nemo wanda bai taɓa jin sa ba, ka kunna masa sau ɗaya, ka ce ya maimaita maka abin da aka faɗa. In sanarwa ce, tambaye shi lambobin: cokali nawa, ƙarfe nawa, ranar yaushe, a ina. In ya yi kuskure ko da a ɗaya, koma ka gyara, laifin ba na kunnensa ba ne.

Da yawanmu in mun gama makaranta garuruwanmu za mu koma, kuma mu za a riƙa kawo wa irin waɗannan ayyukan: sanarwar rigakafi, tallar taki, cigiyar yaro, waƙar biki. Mutanen da za su saurara ba su da hedifon, wani lokacin ma sau ɗaya motar za ta wuce ta ƙofar gidansu. Wanda ke da aikin da ya gagare shi, ya zo da shi a filashi bayan la'asar, mu zauna mu saurara tare. Amma ya taho da wayarsa, don a kanta za mu yi hukunci. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya kawo mana zaman lafiya a yankunanmu, amin.